Shekarar da Na Sayi Modem Biyu

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Idan mahauci ya cika yi mini fara'a, sai na juya tsokar na duba ƙasanta. Matata takan ce ko ruwan randa na gani ya kwanta sai na tambayi wanda ya kwantar da shi. Da wannan hali na shiga maganar intanet, shekarar da 'yata ta fari ta gama sakandare. Muna zaune a Limawa, cikin Dutse, lokacin, ina aiki a sakatariya.

Yarinyar nan tun tana firamare take ɗaure wa akuyoyinmu ƙafa da tsumma, ba ta da buri sai aikin jinya. A shekarar kuma aka daina cike fom ɗin makarantar koyon jinya da biro. Sai ka sayi kati ka kankare lamba, ka shiga intanet ka cike, kuma akwai ranar rufewa. Ƙawayenta duk kafe suka nufa, shagon nan da ake biya a hau kwamfuta. Ni na ce ba za ta taka can ba. Shekarun shari'a ne, kowa idonsa a kan 'yar kowa, ga samari cike da shagon. Ga kuma labarin da nake ji a ofis, wai masu kafe suna kwafe lambar katin mutum su sayar wa wani. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa ba, amma na yarda ɗari bisa ɗari.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta a gida, sai na ce intanet ɗin ne zai zo ya same mu. Mako uku na yi ina zagaya shagunan Dutse ina yi wa masu sayar da modem, abin nan da ake soka wa kwamfuta ya kawo intanet, tambayar ƙure. Kamfani ɗaya yana da tsada, amma abokan aikina sun ce yana da ƙarfi. Na biyu araha ne, da safe ya yi gudu, rana na yi sai ya koma tafiyar hawainiya. Na uku akwati ne mai eriya, wakilinsa daga Kano yake zuwa, in ya lalace sai ka bi shi can. Wannan tun daga bakin ƙofa na sallame shi.

Na tambayi mai tsadar, "In sabis ya ɗauke fa?"

Ya ce, "Yallaɓai, namu ba ya ɗaukewa."

Na je wurin mai arahar, shi ma haka ya ce, har da rantsuwa. Na ce a raina, to ga maƙaryata biyu.

Dabarar da na yi daga wurin mahaifina na ɗauko ta. Baffa makiyayi ne a wajen Kafin Hausa, kuma tun da na yi wayo bai taɓa tara shanunsa wuri ɗaya ba. Rabi suna hannunsa, rabi suna wurin ƙaninsa, tafiyar yini guda. Shekarar da ciwo ya shiga garken unguwarmu muna yara, waɗancan ne suka riƙe mu. Saboda haka na sayi modem biyu, baƙi na mai tsada, fari na mai araha. In wannan ya kwanta wancan ya tashi. Na daɗe ban ji daɗin kaina ba kamar ran nan, har a masallaci sai da na ba da labari.

Sai dai ban cike fom ɗin ba. Matata ta yi magana, ta sake yi.

"Malam, tunda abin yana aiki, me ake jira?"

Na ce ita ba ta san aikin gwamnati ba. A ofishinmu fayil ɗin da ya zo farko shi ke kwana a ƙasa, wanda ya zo ƙarshe shi ke sama, shi hannu ke fara taɓawa. Na tabbata kwamfutarsu ma haka take tara takardu. Ranar ƙarshe za mu cike, ta 'yata ta hau saman kowa. Yarinyar tana bakin ƙofa tana ji.

Ranar Juma'a ce, ƙarfe huɗu za a rufe. Da hantsi na shimfiɗa tabarma a rumfa, na soka baƙin modem. Babu sabis. Na yi murmushi, na zare na soka farin. Shi ma babu. Na fita tsakar gida, na ɗora kwamfutar a kan turmi, na koma zaure, duk ɗaya. Wayar hannuna ma shiru.

Matata ta ce, "Don Allah ka kai ta kafe tun da sauran lokaci."

Na ce kamfani biyu ba sa mutuwa rana ɗaya, yanzun nan ɗaya zai dawo. Har na fara zargin masu kafen ne suka haɗa baki da wani aka kashe, don a yi musu layi.

Da aka sauko daga masallaci na hau babur na nufi ƙarfen sabis ɗin da ke gindin dutse, bayan unguwarmu. Na tarar da wani dattijo maigadi a inuwar katanga, janareta a kashe.

"Baba, lafiya sabis ya ɗauke?"

"Man gas ne ya ƙare tun asuba, motar da ke kawowa ba ta iso ba."

"To, wannan na kamfani ɗaya ke nan. Ɗayan fa, ina nasu ƙarfen yake?"

Ya ɗaga sandarsa sama. "Ga su can duk a maƙale. Haya suke yi, injin ɗaya ke ba su wuta."

Duk tambayoyin da na yi mako uku, wannan kaɗai ban yi ba.

Na ɗauko yarinyar muka isa kafe wajen uku da rabi. Su faranti ne da su na tauraron ɗan'adam a kan rufi, da nasu janaretan, ba ruwansu da ƙarfen unguwa. Layi har bakin titi. Mai shagon ya dube ni, ya dube ta, ya roƙi mutane aka ba ta kujera. Da za ta buga lambar katin sai ya juya fuskarsa bango har ta gama. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Amma mutane sun yi wa shafin yawa, tana shafi na biyu ya tsaya cak, da ya dawo an rufe.

A kan babur ta ce, "Ba komai, Abba, Allah bai yi ba." Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Bayan 'yan makonni Baffa ya zo duba mu, ya tarar da jikarsa a gida, ƙawayenta sun tafi makaranta. Na zauna gabansa na ba shi labari, har na ce ai koyarwarsa na bi. Ya juya modem ɗin biyu a tafin hannunsa, shi da bai taɓa taɓa kwamfuta ba.

"Su biyun nan rijiya ɗaya suke sha?"

Na ce, "Ɗaya, Baffa."

"To ai ba ka raba garke ba. Igiya ka ƙaro."

Shekara guda ta yi a gida tana wanke-wanke da kiwon akuyoyi, kullum in na dawo aiki ita ke buɗe mini ƙofa ta karɓi jakata. Da shekara ta zagayo, ranar da aka buɗe fom, tun da safe ta sa hijabinta, ita da mahaifiyarta suka tafi kafe. Ba su nemi shawarata ba, ni kuma na ba su hanya suka wuce.