Maiwada Maƙeri da Wuƙa ta Goma Sha Biyu

Kafin rana ta ɗago a Saulawa, Malam Maiwada maƙeri ya riga ya share rumfarsa ya zuba gawayin ƙirya, ƙanensa Sama'ila ya zauna bakin zuga-zugi yana hamma. Haka suke shekara talatin da 'yan kai. Gabanin damina su ƙera garma da fartanya, da kaka lauje, amma abin da ya kai sunan Maiwada Ikara da Makarfi da Kudan shi ne 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa, ruwanta ƙarfen sifirin mota, ƙotarta ƙahon sa. Bana idanunsa sun fara gazawa, ya miƙa wa Sama'ila masaba, ya koma gefe yana gyara masa aiki da baki, abin da Sama'ila ke cewa dama can ya fi ƙwarewa a kai. Shi ya sa muka ga ya dace a yaba masa tun yana ji da kunnensa.

Duk wanda ya riƙe wuƙar nan yana da abin faɗa. Masu rake a Makarfi sun ce sukan yini suna firar rake da ita ba ta nemi dutsen washi ba. Barnaba, malamin asibiti a Ikara, ya ce sau biyu yana sayen ta kanti mai ƙyalli, duk suka yi laƙwas kafin shekara, ta Maiwada kuwa da bai biya rabin kuɗinsu ba har yau tana aljihunsa. Aibinta ma ba a ɓoye yake ba. Tana da nauyi, tana cin aljihun riga, in ka bar ta da danshi ta yi tsatsa, kuma ba wanda zai kira ta kyakkyawa sai mai ita.

Maiwada ba ya ƙera wa mutum wuƙa sai ya ga hannunsa. Zai kama tafinka ya juya, ya matsa yatsu, ya sa ka dunƙule ka buɗe, har mutane na tsokanarsa wai ya koma duba. Daga nan zai yanka ƙaho daidai riƙonka. Fuska kam yakan manta, ka gaishe shi ya yi ta amsawa bai san ko wane ne ba, sai kun yi musabaha ya kira sunanka har da na garinku.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ya yi kuskuren da ya fi kowane aikinsa nuna ko shi wane ne. A bayan kowace wuƙa akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke tokare ruwanta in an buɗe, don kada ta rufe a kan yatsu, shi matokari yake ce masa. Ƙarfen da ya saba yi da shi ya yanke, sai ya sami na tsohon gado a kasuwa, ya duba ya ga kamar zai yi, ya sa wa wuƙa goma sha biyu. Duk aka saye.

Ana saura kwanaki ruwan shuka ya sauka, sai ga Tukur mai rake daga Makarfi da hannu naɗe da tsumma. Wuƙar ta rufe masa yana tsakiyar saran gaɓar rake, ta shiga manuninsa har ƙashi. Ba faɗa ya kawo shi ba, gyara ya zo nema, yana ma cewa gangancinsa ne. Maiwada ya zare matokarin ya lanƙwasa da yatsa biyu, ƙarfen ya tsaya a lanƙwashe bai dawo ba. Sama'ila ya ce ya ga gumi ya keto wa yayansa. Da Maiwada ya ja bakinsa, da ba mai sani har abada.

“Ba gangancinka ba ne, Tukur,” in ji shi. “Ni na yanke ka. Kuma akwai goma sha ɗaya irinta a hannun mutane.”

Kai ne, Maiwada, ka kashe wutar maƙera a makon da manoma ke layi da garemani, ka ari keke ka shiga ƙauyuka. Kai ne ka tsaya a bakin kasuwar Kudan kana faɗa wa jama'a da bakinka cewa aikinka ya yi aibi, abokan sana'a na jinka suna murmushi. Wasu suka ba ka da godiya, wasu suka rantse tasu lafiya lau take. Wani a Ikara har ɓoye tasa ya yi a rumbu don yana zaton canza masa za ka yi da wata, sai da ka yini a zaurensa. Cikin mako uku, da ta Tukur, goma sha ɗaya suka dawo hannunka ka sake musu matokari.

Ta goma sha biyu ta wani manomi ce, Ja'afaru, a Nasarawan Doya. Maiwada ya isa ya tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa da kwana biyu. Matarsa Hajo ta shiga takaba, kuma bisa al'adar gidan, mai takaba ba ta rabuwa da 'yar wuƙa, ko bayan gida za ta tana riƙe da ita, har ta cika wata huɗu da kwana goma. Wuƙar da tsofaffin gidan suka danƙa mata ita ce ta mijinta. Maiwada ya yi ta'aziyya, ya yi bayani, ya roƙi a musanya mata da sabuwa. Dattawa suka ce ba a taɓa yi ba, shi kuwa namiji ne bare, ko ganinta ba zai yi ba balle ya karɓi abu daga hannunta.

Ya koma gida ya tura matarsa Lantana. Ta dawo da labarin da ya hana shi cin tuwo: Hajo ba riƙewa kawai take yi ba, da ita take yanka kuɓewa da albasa, ta ce tunda tana hannunta ai ba za ta nemi wata ba. Maiwada ya lissafa watanni, ya ga kafin ta fita takaba kabewa ta nuna. Ya san yadda mata ke danna wuƙa da dukkan ƙarfinsu a bayan kabewa, ya kuma san matokarin nan ba zai ɗauka ba. Tsoro ya kama shi sosai, bai kuma ɓoye ba.

Kwana biyu yana zaune a rumfa yana neman dabara. Ran na uku ya sa aka hura wuta, ya ƙera wani ɗan zoben ƙarfe mai tsaga, wanda in an zura shi a wuyan ƙota aka murɗa, ruwan wuƙa ba zai iya rufewa ba. Sama'ila ya tambaye shi da me zai auna, wuƙar tana can wani gari. Maiwada ya rufe ido ya dunƙule hannunsa, ya ce Ja'afaru mai faɗin tafi ne da gajerun yatsu, ya tuna kaurin ƙahon da ya yanka masa. Lantana ta ƙulle zoben a bakin zanenta ta sake kama hanya. A gaban tsofaffin gidan Hajo ta zura shi da kanta, wuƙar ba ta bar hannunta ba, zoben ya zauna daram ba ko motsi.

Bayan ta yi wankan fita takaba, Maiwada ya je da kayan aikinsa don ya sake matokarin ya cire zoben. Hajo ta fito zaure suka gaisa, ta ji buƙatarsa, ta mayar da wuƙar cikin zanenta.

“Malam Maiwada, a bar ta yadda take,” ta ce. “Ƙotar nan hannun maigidana ce, zoben nan kuwa na mutumin da ya damu da yatsuna alhali bai taɓa ganina ba. Ba abin da za a cire.”

Ya yi ta lallashi, bai ci nasara ba, ya ɗaure kayansa a keke ya dawo yana mita har gida.

Maiwada na Lantana, mai ƙira don hannun talaka, mun gode. Allah ya ƙara wa idanun nan haske, ya sa Sama'ila ya riƙe amanar masabar. Masu sana'a na ƙasar nan da muka karɓi ragamarta, tela da magini da mai gyaran keke har da mu masu alƙalami, ran da aikin ɗayanmu ya yi aibi, ya tashi ya bi sawunsa tun bai cuci kowa ba. Mai son ganin amfanin haka ya je Nasarawan Doya da kaka. Zai sami Hajo a tsakar gida tana fasa kabewa, da yatsunta goma cif.