Akuyar da Bappa Lawali Ya Koma Ɗauka

A gidanmu na Wurno, da an gama yankan gero Kaka Tumba ke fara hura wuta a tsakar gida bayan magariba. Mu jikoki mu kewaye ta, tana tura mana gyaɗa cikin toka. Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma wanda muka fi roƙo labarin ɗanta ne, Bappa Lawali, sojan da ba ma gani sai da Salla.

"Wanga ba tatsuniya ba ce," in ji ta, "da idona na gani."

Wata shekara, yana yaro, gulbin Rima ya cika ya malalo fadama yana can yana kiwon awaki. Ya koro su har gida ruwa na bin ƙafarsa. Da ya duba garke sai ya ga babu wata gurguwa, wadda ba ma tamu ba ce, ta wata maƙwabciya ce. Bai ce wa kowa komai ba, ya juya. Kaka ta bi shi da kira har muryarta ta dushe. Sai ga shi can, ruwa iya ƙirji, akuya a wuya.

"Na ce, kai Lawali, mi yak kai ka? Yac ce, Inna, ita ma ni anka ba."

A nan mukan fashe da dariya, ita kuwa ba ta dariya, sai ta ci gaba da gyara itace.

Muka girma. Bappa ya yi ta hawa, aka tura shi ƙasashen da ba mu iya faɗin sunansu ba, har ya zama Kanal. Ƙanena Nasiru ma ya shiga soja, aka kai shi arewa maso gabas, ƙarƙashin Bappa.

Ina kasuwar Goronyo ina sayar da albasa aka buga mini waya: 'yan ta'adda sun yi musu kwanton ɓauna, Kanal ya rasu. Na tambayi labarin Nasiru, babu wanda ya sani. Wayarsa a kashe. Muka zauna makoki, mutum guda muke wa addu'a, amma zukatanmu na kan biyu. Mahaifiyarmu ta daina cin abinci.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi mota ta tsaya ƙofar gida. Nasiru ya fito yana dogara sanda. Ni dai na zauna a ƙasa ina ta hamdala.

Ya durƙusa gaban Kaka, wadda a lokacin ba ta gani sosai. Ya ce motocinsu sun riga sun fita daga wurin, aka gaya wa Bappa akwai masu rauni a baya. Ya koma da kansa. Sai da aka loda su duka, har da shi Nasiru, sannan harsashi ya sami Bappa.

Kaka ta shafa fuskarsa ta daɗe. Ta ce, "Bai baro kowa ba?"

"Bai baro ba, Kaka."

"To alhamdu lillahi. Ku dama mai hura, ya sha hanya."

Muna yara mun ɗauka labarin ban dariya take ba mu. Sai daga baya na gane tun ranar ambaliyar ta san irin ɗan da ta haifa, ta kuma san inda halinsa zai iya kai shi. Mun yi kukan Bappa, har yau muna yi. Amma Nasiru yana nan Rabah yana noman rani, yana ɗingishi, da 'ya'yansa uku.