Haɗin Wada Bai Saki Ba

A Ɗansoshiya, zamanin da gyaɗa ke tashe, an yi wani maƙeri Wada, gajere mai faɗin ƙirji, mai son yabo kamar akuya da dusa. Gwanintarsa haɗa ƙarfe. Ya sa baki biyu a wuta har su yi fari suna tartsatsi, ya barbaɗa yashi, ya haɗa ya yi ta duka, sai ka nemi wurin karayar ka rasa. Ubansa ya koya masa cewa in an gama, a tura ƙarfen cikin toka mai zafi ya huce a hankali. In aka tsoma shi a ruwa, cikinsa ƙandarewa yake, ya yi tauri ba juriya, ya fashe kamar kasko.

Da ranin 1954 taubashinsa Hamidu, mai haƙar rijiya, ya kawo masa ƙugiyar da ake zura shi da ita cikin rami. Ta ƙarfen sifirin mota ce, ta tsage a wuya.

"Guntu, ga abin da raina ke rataye a kai," in ji Hamidu. "Ka ɓata, fatalwata ta tare a maƙerarka."

"Ta zo mana, dama ina neman mai zuga," in ji Wada.

Ya haɗa ta tsaf. Sai kuma ga kiɗan dundufa daga bakin kasuwa, maƙeran Kiru sun zo wasan wuta, maroƙi yana kiran sunansa har da na kakansa. Ina Wada zai zauna gadin toka? Ya waiga, Hamidu ya zaga bayan gida. Ya tsoma ƙugiyar a kwatarniyar ruwa, cuu! Ya goge ta da gefen walkinsa, ya ajiye masa, ya tafi lasar jan ƙarfe a gaban 'yan mata.

Kwana uku bayan nan ƙugiyar ta ɓalle, Hamidu yana gaba huɗu daga ƙasan rijiya. Ƙugunsa ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma bai sake tafiya ba sanda ba, balle shiga rami.

Dattawa suka juya guntayen ƙarfen suka ga haɗin yana nan daram, gefensa ne ya karye. "Haɗin Wada bai saki ba," suka ce, "ƙarfen ne ya gaji." Sunansa ma ƙaruwa ya yi. Shi kaɗai ya kalli bakin karayar, ya ga yana ƙyalli tsaki-tsaki kamar gishiri, ya san aikin ruwa ne.

Sau nawa ya ɗaura niyyar faɗa wa Hamidu gaskiya! Sai ya ƙera fartanya ya riƙa, don kada ya je hannu sake. Ya zauna a zauren Hamidu ya gyara murya.

"Hamidu, akwai wata magana..."

"Guntu, in aure za ka ƙara, ba ni da ƙanwa makauniya."

A yi dariya, Wada ya dire fartanya ya taso. Namiji ke nan, yana lasar wuta amma kalma uku ta fi ƙarfin harshensa. Shekara biyar ana haka, mutumin da ba ya iya sunkuyawa ya tara fartanyu kamar mai shirin gayya.

Da damina ta 1959 zazzaɓi ya yi ajalin Hamidu. Ranar sadakar uku Wada ya durƙusa a ƙofar ɗakin Safara'u, matar marigayin, ya ce a ransa yau kam zai fitar da maganar.

"Sannu Wada," ta riga shi. "Har ranar da zai cika yana sa maka albarka. Ya ce ba don haɗinka ba, da tun daga bakin rijiya ƙugiyar za ta saki, da bai ga auren 'yarmu Saudatu ba."

Wada ya buɗe baki. Ya dubi matar, idanunta sun kumbura. Wa zai faɗa wa, kuma don ya sauƙaƙa wa wa?

"Allah ya jiƙansa," ya ce, ya tashi yana neman takalmansa.