Inna Ta Matse Littattafaina a Miya

'Yan uwa, yau soyayya muka ci a gidanmu!

Kun san kantar littattafaina mai arha da na sayo a Makoda, wadda katakonta ya lanƙwashe kamar bayan tsohon jaki. Ashe Inna ta ɗora kwanon man gyaɗa a kai, wai don kada kaji su kifar. Da hantsi sai ji muka yi ɓaras! Katako ya karye, mai ya wanke littattafaina na soyayya!

Na fashe da kuka. Inna ta ce, "Matsa can! A wannan tsadar?" Ta kwashe su ta matse a tukunyar miya.

Baba na gama cin tuwo ya dube ta, ya ce, "Hajiya, yau kin yi kyau."

Wallahi Inna cewa ta yi gobe in kawo sauran!