Binciken Ƙoda na Maman Lauya

A asibitin koyarwa Dakta ake kiranta, ko da yake ba ta taɓa rubuta wa kowa magani ba. Digirinta na bincike ne, aikinta kuma yana ɗakin gwaje-gwaje, can ƙarshen barandar da ke bayan sashen yara, inda wani tsohon firij yake gurnani daga safe har yamma. A gida da unguwa kuwa Maman Lauya ce. Lauya shi ne ɗanta na fari, ubansa ya laƙaba masa sunan domin ba a taɓa aikensa bai nemi dalili ba.

Mijinta tela ne. Ta aure shi tun tana ƙaramar ma'aikaciya mai gwajin jini, kuma duk fararen rigunan aikin da ta sa a rayuwarta shi ya ɗinka su, da aljihu mai zurfi don biro da tabarau.

Lauya bai kai shekara biyu ba aka gane yana da sikila. Ita da kanta ta ga sakamakon a kan teburinta kafin likita ya gani. Ta ninke takardar, ta gama aikin ranar, sannan ta wuce shagon mijinta ta zauna a bencin masu jiran ɗinki. Ya dube ta sau ɗaya ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki.

Daga nan ranar ganin masu sikila ta zama ranarta ita ma. Tana zama cikin iyaye mata, ta saurari hirarsu, ta ga yaran da suka girma tare da nata. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda wasunsu, da sun fara tasawa, sai ƙafa ta kumbura, a gwada a ce ƙoda ta lalace, alhali ba wanda ya ga zuwan abin. Ta san furotin yakan fara zurarewa cikin fitsari tun ƙoda ba ta gaza ba. Tambayarta ita ce: yawansa ya kai ina kafin a ce yaro yana cikin haɗari?

Shekaru ta yi tana bin wannan tambaya. Ta nemi izinin asibiti da na iyaye, ta riƙa karɓar fitsarin yaran a 'yan kwalabe tana aunawa, tana bin lafiyarsu. Wuta ta sha ɗaukewa kayan gwaji su lalace ta sake daga farko. Lauya ma yana cikin yaran, amma wata abokiyar aikinta ce take auna nasa don kada son kai ya shiga lissafi.

"Mama, in kin gama me za a ba ki?" ya tambaye ta wata rana, yana kwance ana ƙara masa ruwa.

"Ba komai. Za a buga a mujalla, masu bincike su karanta."

"In ba su karanta ba fa?"

"To sai in kai ƙara wurin lauyana."

Ya yi dariya har nas ta leƙo.

Awon Lauya bai taɓa kai iyakar da bincikenta ya nuna ba, kullum yana ƙasa da ita kaɗan, don haka hankalinta ya kwanta ta wannan gefen. Ciwon ƙashi da zazzaɓi take tsoro. Yana shirin shiga babbar sakandare fuskarsa ta fara kumbura da safe. Kafin damina ta wuce an fara yi masa wankin ƙoda, kafin wata daminar ta zagayo ya rasu. A lokacin takardar bincikenta tana hannun mujalla ta uku, biyu sun riga sun mayar mata da ita.

Da aka buga, ba ta buɗe ba. Shugaban sashensu ne ya manna shafin farko a allon sanarwa, ita kuwa ta canza hanyar shiga ofis.

A wannan aiki ba a auna mutum da wahalar da ya sha. Ana duba yawan takardun da ya buga, da yawan ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka dogara da aikinsa suka sa sunansa a ƙarshen nasu. Akwai shafin intanet da ke ƙirga wa kowa nasa, kuma kwamitin ƙarin girma can yake fara leƙawa. Takardarta ta yi shekaru a kwance, ba mai waiwayarta. Shugaban sashe, mutum mai kirki da ƙaton tumbi, ya kira ta ya ce, "Dakta, ki yi haƙuri, amma da takarda ɗaya ba a hawa. Ki shiga cikin jama'a."

Ta shiga. Ta yi aiki da masu binciken ruwan sha, da masu binciken abincin jarirai, da wasu masu nazarin ƙwayoyin cuta a jikin kaji. Ta auna musu abin da suka kawo tsakani da Allah, sunanta ya fito a tsakiyar jerin sunaye. Takardu suka taru, ambato ya fara motsi. Ba ta raina wannan aiki ba, amma in ta dawo gida ba ta ba da labarinsa.

Mijinta ya kasa gane lissafin. "Wato in an kira sunanki sai a ƙara miki girma?" in ji shi. "Ai da ni ne da na zama farfesa tuntuni. Duk wanda wandonsa ya ɗame shi a unguwar nan sai ya ambace ni, har da iyayena."

Sai ga shi wata ƙungiyar likitocin yara a wata ƙasa ta ci karo da tsohuwar takardar, ta kafa hujja da ita. Wasu suka bi. Wayarta ta fara kawo saƙo duk mako: an ambaci aikinki. A 'yan shekaru takardar ta wuce duk sauran ayyukanta a haɗe. Aka ba ta farfesa, aka yi taro a ƙaramin zauren sashe, aka haska zanen da ke shafi na huɗu a bango, mai ɗige-ɗige, kowane ɗigo yaro ɗaya. Mutane suna tafi, ita tana kallon wani ɗigo da ke ƙasa da layin iyakar haɗari. Ba suna a jikinsa, amma ta san awon.

Da suka dawo gida mijinta ya ce, "Maman Lauya, ni fa ban taɓa jin abin da kika rubuta ba. Karanta mini da Hausa." Suka zauna a falo, ƙannen Lauya mata biyu suna jingine da ƙofa. Ta bi takardar layi-layi tana fassarawa. Da ta zo zanen ya miƙa hannu ya karɓa, ya kawo shi kusa da ido kamar mai neman kafar allura.

"Wanne ne?"

Ta nuna masa. Ya daɗe yatsansa yana wurin, sannan ya ce Allah ya jiƙansa, ya tashi ya fita tsakar gida.

Bayan ta yi ritaya sashen ya bar mata tebur a lungu. A nan wata safiya ta buɗe saƙon wata mai bincike da ba ta taɓa gani ba, cikin ladabi, haɗe da sabuwar takarda. Sun bi yara masu yawa da na'urori na zamani, sun gano iyakar da ita ta sa a takardarta ta yi sama da yawa. Haɗari yana farawa tun ƙasa da haka. Ta cire tabarau ta goge, ta sake bin lissafin da biro. Ba kuskure a ciki. Da wannan sabon awo, da an fara kula da ƙodar Lauya tun yana firamare.

Wani abokin aikinta ya ce ta rubuta martani ta kare aikinta, in ba haka ba kowa zai koma ambaton sabuwar. Ta ce, "Su koma. Tasu ta fi tawa daidai."

Ta rubuta wa matar godiya a gajarce. Ta buga takardar a inji, ta ja layi a ƙarƙashin sabon awon, ta bi baranda a hankali saboda gwiwarta, har sashen yara. Iyaye mata sun cika benci, kowace da yaro a gefe. Ta jira likitar da ke bakin aiki ta sallami wadda take gani, ta ajiye mata takardar a tebur.

"'Yata, daga yau da wannan za ku yi aiki," ta ce. "Waɗanda muka ce lafiyarsu lau bara, a sake kiransu."