Awakin Murja

Malam Mukhtaru ya shekara talatin da ɗoriya yana fiɗa a Makka. Duk lokacin Hajji raguna ɗaruruwa kan bi ta hannunsa, amma tun da ya baro bakin Tafkin Cadi bai sake mallakar ko ɗan tsako ba. Can kuwa mai garke ne. Shanun Kuri gare shi, farare, manya, masu ƙaho kamar tulu, waɗanda ke ninƙaya daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa.

Yanzu gwiwa ta ƙi. Tun da aka rushe musu gida a unguwar Nakkasa, shi da matarsa Murja suke zaune wurin ɗansu a Aziziyya. Duk Juma'a a kan keken guragu ake tura shi Harami, ya yi ta istigfari har muryarsa ta dushe. Ya sani sarai haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Mai haƙƙin kuwa ita ke zuba masa shayi kullum safe, bai taɓa roƙonta ba.

Wata rana bayan la'asar, jikarsu Kausar tana bitar darasi. Ya leƙa littafin, ya ga hoton wata dabba buzu-buzu.

"Ke amaryata, wace irin giwa ce wannan da bargo?"

"Mamus ne, ya Sidi. Sun ƙare tuntuni." Haihuwar Makka ce, da Larabci take kiran kakanninta. Ta shiga haɗa Hausarta da ƙyar. "A zamanin ƙanƙara suka rayu. Da duniya ta ɗumama, ƙanƙarar ta narke, ciyawarsu ta ja baya. Su manya ne, ci da yawa, haihuwa kuma sai an daɗe. Mafarauta suka ƙarasa sauran. Ƙananan dabbobi, ya'ni masu cin duk abin da suka samu, su suka tsira."

Murja tana tsintar shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba.

"Ashe sai da aka buga shi a littafi," in ji ta. " Shekara arba'in ke nan da na faɗa wa wani."



A shekarar babban fari tafkin ya janye, ya bar taɓo, taɓon ya tsattsage. Shanun da suka saba da ruwa suka kasa doguwar tafiya cikin rana. Murja tana da awaki goma sha ɗaya, nata na kanta, daga akuyar da uwarta ta ba ta ranar aure. Tun farko ta ce masa ya rage shanun tun suna da nama, a riƙe awakin. Ya yi dariya. Mai garke ya koma kiwon awaki?

Da ta tafi gidansu wankan jego, ya kora awakin kasuwa ba da saninta ba, ya sayo wa shanu dusa. A garinsu namiji ba ya taɓa dabbar matarsa, amma ya taɓa. Ta dawo da jaririya Yalwa a baya, ta tarar da turaku babu komai. Shanun suka cinye dusar, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tashi. Awakin maƙwabta kuwa suna ta cin 'ya'yan bagaruwa, ana tatsar su. Yunwa ta ƙafar da nonon Murja. Yalwa ta rasu tana wata bakwai.

Murja ba ta bar shi ba. Ta biyo shi Makka, ta haifa masa huɗu, ta sayar da funkaso a kan tudun Nakkasa har bayanta ya ranƙwafa. Shi kuma ya zauna jiran ta ce ta yafe ba tare da ya roƙa ba.

Ranar dai, a gaban jika, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Hajiya, ki yafe mini."

Ta ture wani ɗan dutse gefen faranti.

"Awakin na yafe maka, Malam, tun kafin mu taka Jidda. Yalwa kuwa, ba ni ka hana nono ba. In kun haɗu, ka roƙe ta."

Kausar ta dubi kakanta, ta dubi kakarta.

"Ya Sitti, wace ce Yalwa?"

Murja ta ɗauki farantinta ta shige kicin.