Ranar da Aka Tafa wa Gyaran Tsirkiya

Wautata ce ta kai ni. Tun kafin a kafa shari'ar Musulunci a jiharmu, wani ma'aikaci ɗan Jos da ke Yalwawa ya gayyace ni da gurmina, wai kiɗan da ba a shirya ba za mu yi. Yana busa ƙahon Turawa, abokinsa yana murɗa wata na'ura mai maimaita sauti kamar kukan akuya a rijiya. Ba waƙa, ba wanda za a wasa. Ina ɗaure tsirkiyar da ta saki sai 'yan kallo suka hau tafi, wai nan ne daɗin. Na washe baki, har na sake sassauta ta.

Da na ba yayana labari, ya ce, "Shekara talatin kana kiɗa, ashe gyaran ne gwanintarka."